Injiniya Da Ƙaurar Sawu Ɗaya

Mijin Yayata bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, amma duk layinmu Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Iyakar abin da ya yi a duniyar mota shi ne zaman 'yan watanni a garejin wani abokinsa, yana miƙa sifana yana shan inuwa, har aka gaji aka sallame shi. Tun daga nan babu wani abu mai waya ko ƙusa da ya tsira daga hannunsa. Ya gyara wa Umma fanka, ta koma juyawa da baya tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin. Ya gyara mana famfon banɗaki, muka wuni muna kwasar ruwa a falo. In ka yi magana ya ce kayan ne jabu.

Ni dai dariya nake yi, don ba ni nake aurensa ba. Yaya ce ba ta dariya. An daɗe keken ɗinkinta ne ke riƙe da gidansu, ci da sha da makarantar yara, har bayanta ya fara ranƙwafawa, shi kuwa yana ƙofar gida yana koya wa masu wucewa yadda ake tafiyar da duniya. Wallahi tausayinta nake ji, kuma haushinsa nake ji fiye da tausayin.

Sai ga dama ta zo har gida. Umma za ta tashi daga benen da take haya ta koma wani sashe na gidan Kawu, yayanta, can ɗaya gefen gari. Kawu mutum ne mai tsadar magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Yana da wata mota mai kujeru bakwai da ya daina hawa. Ana gobe ƙaura ya kawo ta, ya kira Injiniya a gabanmu.

"Na yi magana da mai motar kaya, shi zai kwashi kaya," in ji Kawu. "Kai mutane kawai za ka ɗauko. In ka kawo min su lafiya, ka kawo motar lafiya, na bar maka ita ka yi haya ka ciyar da iyalinka."

Yaya ta durƙusa tana godiya har da hawaye. Kawu ya buɗe ƙofar direba, ya nuna wata 'yar takarda da masu ƙera motar suka liƙa a jikin ƙarfen ƙofa.

"Ka ga wannan? Kilo ɗari biyar da hamsin take ɗauka. Da mutane, da kaya, har da kai direban. Kar ka wuce."

"Haba Kawu, ai ni ake gaya wa mota," in ji Injiniya.

Kawu na juya baya Injiniya ya kalle ni yana murmushin nan nasa na wanda ya fi kowa sani.

"Auta, masu ƙera mota matsorata ne. Rabin abin da za ta iya suke rubutawa don kar a kai su ƙara."

"To in ita motar ta yarda da su fa?"

"Motar ta iya karatu ne?"

Washegari da safe mun sauko da kaya ƙofar gida, Umma da Yaya suna sama suna ɗaure ragowar kwanuka, sai ga motar kaya ta iso. Direbanta, wani dattijo mai ɗan gemu, bai ma kashe inji ba Injiniya ya tare shi.

"Baba, koma abinka, an fasa."

"Wa ya fasa? Wanda ya aiko ni bai ce min an fasa ba."

"Ni na fasa. Ni ne mai kula da aikin nan."

Dattijon ya dubi tulin kayan, ya dubi motar Kawu, ya sake duban kayan.

"Wannan ce za ta kwashe su?"

"Sawu ɗaya tak."

"To, Allah ya ba da sa'a. Shekarata talatin a hanya ban ga irin wannan ba, amma ai ilimi ba ya ƙarewa."

Ya ja motarsa ya tafi. Na ce wa Injiniya ko ya sha wani abu ne da safen nan. Ya ce ba zan gane ba.

"Kowane sakarai zai iya kai mutum huɗu gidan Kawu. So nake ya fito ya ga gida guda a kan mota guda, ya san wa ya ba wa mota."

Da Yaya ta sauko ta ji abin da ya faru, sai ta nufi mijinta.

"Baban yara, don girman Allah ka kira shi ya dawo."

"Ke ɗinki kika sani. Na taɓa sa miki baki a wuyan riga?"

Na ciro waya zan kira Kawu, Yaya ta riƙe min hannu ta ja ni bayan ƙofa.

"Auta, ki rufa min asiri. In Kawu ya ji ya kori motar kaya, yanzu-yanzu zai karɓe makullin. Ki bari, wataƙila Allah ya sa mu isa."

Na mayar da wayar, ba don na yarda za mu isa ba, sai don ban iya kallon idonta in ce a'a.

Aka fara lodi. Injiniya ya kwantar da kujeru biyun baya, ya sa maƙwabcinmu mahauci, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya taya shi tura firji. Bayan firji janareta ya shiga, sai buhunan hatsi, sai akwatunan littattafan marigayi Babanmu waɗanda ko ɗaya mutum biyu ke ɗagawa. But ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiya. A sama aka kwantar da sif ɗin Umma da kayan sawarta a ciki, don Injiniya ya ce fito da su ɓata lokaci ne. A kan sif aka ɗora gadon ƙarfe, a kan gado katifu uku, a kan katifu kujerun falo ƙafafunsu na kallon sama. Duk abin da ya rage aka cusa a cikin firji da cikin sif, wai ai kayan da ke cikin kaya ba su da wurin kansu.

Kafin a gama, layinmu ya cika. Mai shagon da ke kallon gidanmu, wanda bakinsa ya fi reza kaifi, ya fito da benci ya zauna. Gindin motar ya sauka har salansa na shafar ƙasa, tayoyin baya sun shige cikin jikinta, gabanta ya ɗaga.

"Injiniya!" in ji mai shago. "Ka amsa mana, tun ɗazu motar ta durƙusa tana gaishe ka."

"Jahilci dai bai yi ba. Wannan ai sifirin ne ya kwanta, ba nauyi ba ne."

"To me ya kwantar da shi? Barci?"

Injiniya bai kula shi ba. Ya aika wurin kafinta aka kawo guntayen katako, ya sa jak ya ɗaga motar, ya kwanta a ƙarƙashinta ya dinga cusa katakon a tsakanin zoben sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tallafe mota, yana buga su da guduma. Da ya gama ya ɗauko famfon keke ya hau bai wa tayoyin baya iska, yana yi yana gumi, har suka yi tauri kamar dutse. Aka sauke jak. Motar ta tsaya a miƙe ƙyam, kamar ba a ɗora mata ko tsinke ba.

Ya kakkaɓe hannu ya juyo ga jama'a.

"Ina masu baki? Ga shi nan, nauyi ya tafi."

"Ya tafi ina?" na tambaye shi.

"Auta, motar da ba ta durƙusa ba ba ta ji nauyi ba. Wannan shi ne sirrin da masu ƙera mota ba sa so talaka ya sani."

"Ni ma in na ga baƙi nakan daure in miƙe," in ji mai shago, "amma bayana ya san gaskiya."

Saura mutane. Umma, saboda kunyar suruki, ba ta taɓa yi wa Injiniya magana kai tsaye ba, sai dai ta bi ta kan wani. Ta tsaya tana kallon wannan dutse da aka gina a kan mota, ta juya ga Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda ta zo taya mu ƙaura.

"Gwaggon yara, tambayar min, wai a ciki za mu zauna ko mu ma sama za a ɗaure mu?"

Ita Gwaggo ba ruwanta da kunyar kowa. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, kuma ya haɗa mata da murya.

"Kai Injiniya, ni ban san boko ba, amma na san in aka cika wa jaki kaya kwanciya yake yi."

"Gwaggo, jaki ba shi da sifirin."

"Kai ma ba ka da shi, ga shi kullum a kwance kake."

Layi ya ɗauki shewa. Injiniya ya yi kamar bai ji ba, ya shiga tsara mu. Ni da Yaya da Umma da Gwaggo muka matsu a kujerar tsakiya ta mutum uku, rabin jikina a kan Yaya, rabi a jikin ƙofa. Aka ɗora wa Yaya talabijin a cinya, ni tukunyar gas, Umma ta rungumi agogon bango, Gwaggo aka jera mata tukwane har haɓa. Ina cewa an gama, sai na ji Injiniya yana kiran mahauci.

"Ba kasuwa za ka ba? Shigo gaba in rage maka hanya."

"Baban yara!" in ji Yaya.

"Me? Kujeru bakwai ne, mu biyar. Saura biyu."

"Biyun suna ƙarƙashin firji," na ce.

"Suna cikin motar ko ba sa ciki?"

Mahauci ya shiga, motar ta yi wani nishi da har yau nake jinsa a kunnena. Injiniya ya tayar da inji, ya leƙo ta taga ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai tafiya karɓar kyauta. Mai shago ya bi mu da murya.

"Umma, mu yafi juna!"

Mun fita layi da kyar. Saboda katakon nan, ko tsakuwa muka taka sai mun ji ta a haƙoranmu, tukwanen Gwaggo suna kiɗa, agogon Umma yana buga ƙararrawa ba lokacinsa ba. Mai keke ya wuce mu. Wani tsoho mai tura baro ya jera da mu, ya gaishe mu, ya tambayi lafiyar gida, shi ma ya wuce. Injiniya ya ce da gangan yake tafiya a hankali saboda darajar Umma.

A kwanar farko sif ɗin sama ya rinjayi motar gefe guda har na hango kwata ta tagar da nake. Yaya ta fara salati. A mahaɗar da ya kamata mu juya dama, Injiniya ya taka birki tun daga nesa, motar ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita ake ba, muka wuce mahaɗar muna kallonta.

"Ga hanyar can ka wuce," in ji mahauci.

"Na san wata ta kusa."

"Wace ta kusa? Nan gaba ai sai tudun kasuwa."

"Ita nake nufi."

Duk wanda ya san garin ya san tudun nan. Hawa ne mai tsawo, in ka kai ƙololuwa sai gangara, a ƙarshen gangarar bakin kasuwa. Mun hau rabi wani wari ya cika motar, irin na ƙonannen takalmi. Daga nan inji ya dinga kururuwa amma ba ma gaba. Motar irin wadda tayoyin gaba ke ja ce, ga shi duk nauyin duniya yana baya, gabanta ya ɗaga, tayoyin suna ta juyawa a banza suna feshin ƙasa. Sannu a hankali muka fara komawa da baya.

"Gwaggon yara," in ji Umma a sanyaye, "tambayar min, ko an yi mantuwa ne a gida?"

Injiniya ya ja birkin hannu da hannu biyu. Na baya suka hau danna hon.

"Kowa ya ranƙwafo gaba!" ya daka mana tsawa. "Gwaggo, ke musamman!"

"Ni musamman? Firjin ba ka gan shi ba sai ni?"

Muka ranƙwafa, babu abin da ya canza sai murfin tukunya da ya faɗo wa mahauci a ƙeya. Injiniya ya dinga buga yatsa a sitiyari, can ya tafa hannu.

"Mahauci, fita ka hau bonet."

"In hau me?"

"Gaba ke neman nauyi. Ka zauna a bonet ka riƙe ƙarfen goge gilashi, yanzu za ka ga ilimi."

Ban san abin da ya sa mahauci ya yarda ba. Ina jin kunyar Umma ce, ko kuma ya ga in bai hau ba da baya za mu koma gida. Ya fita ya hau ya zauna, bonet ya lotsa, tayoyin gaba suka kama ƙasa. Motar ta yi tari, ta yi gaba. Yara suka biyo mu da gudu suna ihu, masu shaguna suka fito bakin titi, wani har da ɗaga waya yana ɗaukar mu. Muka kai ƙololuwar tudu da ƙato a kan bonet da kujerun falo a sama.

Nan fa kan Injiniya ya ƙara girma.

"Auta, kin gani da idonki ko? Wa ya koya min wannan? Babu! Wallahi da a wata ƙasar aka haife ni da yanzu sunana ne a jikin motoci."

"Ka tsaya ya sauka," in ji Yaya. "Don Allah ka tsaya."

"Ai yanzu aka gama wahala, saura gangara. Gangara ko jariri..."

Bai ƙarasa ba. Motar da ta ƙi tafiya tun safe ta tuna tana da tayoyi. Duk abin da ke bayanmu, firji da janareta da hatsi da littattafan Baba, suka haɗu suka tura mu ƙasa. Injiniya ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa. Ga bayan mahauci ya rufe gilashi ba ya ganin komai, sai ya zuro kai ta taga yana ihu.

"Ku kauce! Ku kauce!"

"Tsaya in sauka!" in ji mahauci.

"Riƙe da kyau!"

"Ƙarfen ya cire!"

Na ga mahauci ya ɗaga ƙarfen goge gilashi a hannunsa yana kallonsa. Da ya hango bakin kasuwa na matsowa, sai ya yi wa kansa shawara, ya yi tsalle ya faɗa cikin tulin kankanar wani bawan Allah. Yana sauka gaban motar ya sake ɗagawa, Injiniya ya dinga murza sitiyari hagu da dama, motar ba ta san yana yi ba.

A daidai bakin kasuwa akwai tudun nan da ake ginawa a titi don masu mota su rage gudu. Mu ba mu rage ba. Tayoyin gaba suka tsallake, na baya suka daka. Katakon Injiniya suka fito kamar an harba su, ɗaya ya fasa allon shagon mai gyaran waya, ɗaya ya faɗa cikin tukunyar mai shayi. Tayoyin baya suka fashe tare, ƙarfen da ke riƙe da su ya karye, motar ta zauna daɓas da cikinta a kan tudun ta tsaya cak. Kayan sama kuwa ba a gaya musu an tsaya ba. Kujerun falo suka yi gaba, katifa ta rufto ta rufe gilashi, sif ya zame ta baya ya daki kwalta ya dare biyu, zannuwan Umma da kwanukanta suka watsu a titi. Wani faranti ya daɗe yana juyawa shi kaɗai kafin ya kwanta.

Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo, in ban da ƙullutu a goshin Injiniya. Amma jikin motar ya lanƙwashe, ƙofofi huɗu babu wadda ta yarda ta buɗe. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Ni aka fara zarowa ta taga, bayan na miƙa tukunyar gas. Aka zaro Yaya, aka tallafo Umma da agogonta a rungume. Saura Gwaggo.

"Hajiya, miƙo hannu," in ji wani matashi.

"In miƙo hannu in yi yaya? Ni ta wannan tagar? Ko ranar da aka haife ni ba zan wuce ta nan ba!"

Sai da aka samo dogon ƙarfe aka ɓalle ƙofar gaba ɗaya. Gwaggo ta fito tana gyara ɗankwali, jama'a suka yi mata tafi.

Shi kuwa gogan, da ya fito ta tagarsa, ko kallon Umma bai yi ba. Ya zagaya motar, ya tsuguna, ya miƙe, ya fuskanci taron.

"Wa ya gina wannan tudun? Ba a kan ƙa'ida yake ba. Ya yi tsayi."

"Motoci dubu ke hawansa kullum," in ji mai shayi yana tsamo katako daga tukunyarsa.

"To laifin mahauci ne. Da bai yi tsalle ba da lissafina bai ɓaci ba."

Mahauci ya taso daga cikin kankana, ja wur tun daga ka har ƙafa, ƙarfen goge gilashi har yanzu a hannunsa. Sai da mutum huɗu suka riƙe shi.

"Ku sake ni in nuna masa lissafi!"

"Malam, wai nan gida nawa ka kwaso?" wani ya tambaya daga baya.

"Ku tambaye shi ko akwai sauran wuri, ina da buhun siminti!"

Motoci sun yi layi gaba da baya, hon ko'ina, mai kankana yana ƙirga asararsa da ƙarfi, mai gyaran waya ya riƙe wa Injiniya riga. Ni da Yaya muna tsintar zannuwan Umma daga ƙarƙashin ƙafafun mutane. Ina ɗagowa na hango Kawu yana ratso taron a ƙafa. Ashe direban motar kaya ya buga masa waya, ya hau tasi ya taho nemanmu, cunkoson da muka haɗa ya tare shi.

Wurin Umma ya fara zuwa, ya tabbatar lafiyarta ƙalau, ya gaida Gwaggo. Sa'an nan ya zagaya motarsa sau ɗaya, hannu a baya. Wani mai hankali da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Injiniya sai ya matso yana washe baki.

"Kawu, saura ƙiris mu iso. Amma ka ga abin da ta ɗauko kuwa? Har tudun can ta hau da shi. Ni na san motar nan ta fi abin da aka rubuta mata."

"Na gani," in ji Kawu.

Yaya ta zube a gabansa, nan a kan kwalta, zanin Umma a hannunta.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ni ma da laifina, na sani ban faɗa ba. Don Allah kar ka..."

Kawu ya kama hannunta ya tashe ta.

"Tashi, ba a durƙusa min a titi." Ya juya ga Injiniya. "Na ce in ka kawo ta lafiya zan ba ka. Ba ka kawo ta lafiya ba. Amma tunda ka fi waɗanda suka ƙera ta saninta, ba ta dace da kowa ba sai kai. Na ba ka, halak malak. Jama'a ku shaida."

Ku ji fa, mutumin nan murna ya yi. Ya juya ga taron yana buga ƙirji.

"Kun ji ko? Masu dariya, kun ji? Tawa ce!"

Daidai nan jami'in kula da hanya ya kutso, gumi na zubo masa, ya dubi layin motocin da ya kai ƙololuwar tudu, ya dubi sif a tsakiyar titi.

"Wane ne mai motar nan?"

Kasuwa guda ta nuna Injiniya da yatsa. Mai kankana da mai shayi da mai gyaran waya suka matso suka tsaya kusa da jami'in, mahauci a bayansu. Kawu ya kama hannun Umma, ya karɓi agogon ya riƙe mata, ya ce Gwaggo ta biyo su, zai aiko a kwashe kayan.

"Kawu!" in ji Injiniya. "Kawu, tsaya mana a yi magana!"

Kawu bai waiwayo ba. Na yi dariya har na riƙe ciki, na juyo in ga ko Yaya ta ga fuskar mijinta. Ba shi take kallo ba. Motar take kallo, yadda ta baje a kan tudu, tayoyi a wargaje, ƙofa ɗaya a yashe a gefe. Ta daɗe a haka. Sa'an nan ta ninke zanin da ke hannunta ta miƙa min, ta gyara mayafinta, ta juya ta nufi tudun da muka gangaro.

"Yaya, ina za ki?"

"Gida," ta ce. "Akwai ɗinkin mutane da ban gama ba."

Nan take dariyar ta ɗauke min. Na tsaya ina kallon bayanta tana hawa tudun a ƙafa, a ɗan ranƙwafe, Injiniya kuwa yana can yana yi wa jami'i bayanin sifirin.